Ƙofar Da Take Ƙiba

Gidanmu ne na ƙarshe a gindin tudun, daidai inda masu yin bulo suka daɗe suna haƙar jar ƙasa har suka yi masa kogo a ƙarƙashi. A daminar nan ruwa ya yi ta zuba ba hutu. Lokacin ne ƙofar ɗakinmu ta fara cijewa.

Maigidana kafinta ne. Duk sanda ta cije sai ya ɗauko gizago ya sassaƙe gefenta yana dariya.

"Maman Auta, ƙofar nan ta fi ki jin daɗin gidan nan. Kullum ƙiba take yi."

"To bangon fa? Tsagar nan da a da ba ta cin yatsana, yau hannuna ke shiga."

"Laima ce. Rani na yi zan liƙe."

Ran nan dab da magariba ya tafi masallaci. Auta, 'yata mai shekara huɗu, zazzaɓi ya sa ta barci. Na ja mata ƙofa, na ɗauki bokiti, na hau zuwa idon ruwan da ke saman gida.

Idon ya ƙafe. Duk ruwan saman nan da aka yi, ko ɗigo babu, sai jan taɓo mai warin sabon kabari. Kwaɗi sun yi tsit. Itatuwan da na san su a miƙe duk sun sunkuya ta wajen gidanmu.

Sai na ji ƙas, ƙas, a ƙarƙashin ƙafata. Saiwoyi ne ke tsinkewa.

Wata tsakuwa ta gangaro ta wuce ni. Ba wanda ya taɓa ta.

Gabana kaɗan ƙasa ta tsage, kuma ta nan wasu irin mutane suke fitowa. Gajeru ne, a jere, kowa da kaya a ka: tabarmi, tukwane, turmi. Ba ƙarar sawu. Ciyawa ma ba ta kwanciya in sun taka. Ba su bi gangare ba, gefe suka yanka zuwa kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse. Na ɗauko Ayatul Kursiyyu, harshena ya yi nauyi.

Ta ƙarshensu tsohuwa ce, da goyo a bayanta. Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Maƙwabciya," ta ce a hankali. "Mun gaji da riƙo. Kun sare wa tudun ƙafa, ruwa ya cika masa ciki. Mun yi ta murɗa muku ƙofa, mijinki na sassaƙewa."

Ta gyara goyon bayanta.

"Ni na goya nawa. Ke ina taki?"

Na yar da bokitin.

Ban san yadda na sauko ba. Ƙasa na zamewa tare da ni, takalmina ya tafi. Na faɗa wa ƙofa da kafaɗa.

Ta cije.

Na sake. Ko motsi. Katakon saman ya danne ta, yana kuka.

"Auta. Auta, tashi."

Muryarta ta fito siririya. "Mama, gadon yana tafiya."

Gizagon na kan bencin babanta. Ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan. Na sara, ya goce. Na sara. Ya Allah, ba don halina ba. Tudun na nishi a bayan gida, kwanon rufi na ɓarke ƙusoshi. Jan ruwa ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe min idon sawu.

Katako ɗaya ya ɓalle.

Na zura hannu cikin duhu. Taɓo. Ƙafar gado. Sai zafin jikinta.

Na fizgo ta, katako ya yage min hannu, ban ji ba. Ƙafata ta so gangare. Na tuna hanyar da suka bi, na yanka gefe, ina ihu maƙwabta su fito.

Muna hawa kan fa, tudun ya sauka.

Ƙarar ba ta daɗe ba. Da na waiga, babu gida, babu benci, sai itace guda tsaye a inda ɗakinmu yake, da ganyensa.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Mun koma can fili, nesa da kowane tudu. Yanzu in aka kira maigidana gyaran ƙofar da ta cije, ba ya taɓa gizago sai ya zagaya gidan ya duba bango da ƙasa. Ya daina wasan ƙiba.

Ban gaya wa Auta abin da na gani ba. Sai da ta warke, ina mata kitso, ta ce, "Mama, kakar nan ta samu fita?"

"Wace kaka?"

"Mai goyo. Wadda ta danne bango da hannu har kika zo. Tana ta cewa ki yi sauri."