Tulun da Sarkis Ya Ciro Daga Bangon Coci

Dutsen farko ya faɗo ne da almuru, Nazira na sauke tukunyar alkama, ya fasa mata goshi. Mijinta Sarkis ya yi waje da gatari yana zage-zage. Ba kowa, sai itatuwan zaitun tsit.

Ya kuwa san abin da ya aikata, taurin kai ne kawai irin na jaki. Tsohon cocin da ke saman ƙauyensu ya shekara ɗari bakwai a tsaye, da 'yar gajeriyar ƙofarsa da kakanni suka gina don kada mahara su shiga bisa doki. Tun da aka gina sabon coci a bakin titi aka garƙame shi. A cikin bangonsa akwai tuluna da magina suka binne, bakinsu a buɗe, don muryar mai waƙa ta cika ɗakin. Ɗaya daga ciki Sarkis ya ɓanɓaro, wai zai jiƙa zaitun. Zaitun fa!

Kwana uku ana jifa. Akuya ta mutu, tagogi suka tarwatse, kuma duk faɗuwar rana sai tulun ya kama rera waƙar ibada da muryoyin mutanen da. Ran na huɗu Sarkis ya harzuƙa, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Nan take 'yarsu Rafka ta yanke jiki ta faɗi, tana gwara kanta da daɓe.

Aka ɗauko Abuna Nuhra, tsohon limamin cocin. Ƙarti huɗu suka danne Rafka, ta karya wa ɗaya hannu. Abuna ya shafa mata mai a goshi, ya ce, "Wane ne kai?"

Murya ta fito daga bakinta, mai kauri kamar daga rijiya. "Tun ana ɗora tubali nake cikin tulun nan ina saurare. Kuka rufe ƙofa kuka bar ni da shiru, na haƙura. Yanzu wannan sakaran ya fasa mini ɗaki."

"Fita ta ɗan yatsan ƙafarta, ka koma. Sauran tuluna goma sha ɗaya na nan a bangon."

"Kowanne da mai shi. Ta maƙogwaro zan fita, tsoho, in tsaga shi."

Wuyan yarinyar ya fara kumbura, jini na bin haɓarta. Nazira ta kurma ihu. Tsoro irin wanda Sarkis bai taɓa ji ba ya kama shi, ya zube gwiwa biyu.

"Ni na fasa, la'ananne! Me ta yi maka? Ɗauki nawa!"

Idanun Rafka suka juyo kansa a hankali. "Kana da ramuka biyu da sauti ke shiga. Ka ba ni?"

"Ɗana, kada ka amsa!" in ji Abuna.

"Na ba ka."

Wani abu ya soke shi a kunnuwa kamar ƙusa mai zafi, ya birkice ƙasa, jini na tsiyaya har wuyan rigarsa. Da ya ɗago, ƙartin sun sake ta. Rafka ta rarrafo, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka. Ya ga leɓenta na cewa Baba, Baba. Bai ji komai ba.