Tauraro Uku Ga Ɗan Masunci

Ranar da Basant ta fara ganin Mu'utaz, yana tsaye ne a rumfar littattafan Kawu Sabri da ke titin Nabi Daniyal, yana karanta wa tsohon wani abu daga waya, ransa a ɓace. Ita ta zo neman wani tsohon littafi ne kan tarihin taragon Iskandariyya, sai kawai ta ji kalmominta na fitowa daga bakin wanda ba ta sani ba.

"Zanen ya yi kyau, teku kamar ka taɓa ka jiƙe. Amma matan littafin duk suna bakin taga suna jiran maza. Wa ke sayar da kifin? Wa ke ɗinke raga? Tauraro uku cikin biyar." Ya sauke wayar. "Kawu, shekara biyu na yi ina zana littafin nan. Wace ce Basant Fikri da za ta ba ni uku?"

Kawu Sabri ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ga ta nan bayanka, ɗana. Tambaye ta."

Basant a kantin magani take aiki, amma an fi saninta a wani shafin intanet inda masu karatu ke faɗin ra'ayinsu kan littattafai. Na tarihi, na girki, na tafiye-tafiye, na zane, duk tana karantawa, kuma ba ta taɓa yabon littafi don kunyar mai shi ba. Da wannan take tinƙaho.

Don haka ba ta ba shi haƙuri ba. Tambayarsa ta yi sana'ar mahaifiyarsa. Ya ce shekara talatin ke nan tana sayar da kifi a kasuwar Anfushi.

"To me ya sa ka ɓoye ta a bayan taga?"

Sai dariya ta ƙwace masa. Ta lura hannunsa duk tawada ne, kuma idan ya yi dariya idanunsa rufewa suke.

Bayan mako guda saƙonsa ya shigo: "Malama Mai Jan Biro, na karanta wa Mama abin da kika rubuta. Ta ce ukun ma kin yi min alfarma. Ta ce ki zo ki ci kifi."

Ta amsa: "Ka gaishe ta, ɗan masunci. Ashe a gidanku akwai mai hankali."

Ta je, ta ci kifin, daga nan kuma zance ya yi tsawo. Duk Juma'a da yamma sukan haɗu a rumfar Kawu Sabri, su yi ta musu kan littattafai har tsohon ya kore su. Wata rana a bakin teku ya ce mata ya fara sabon littafi kan matan kasuwa, kuma duk fuskar da ya zana sai ta ɗauko kamanninta.

"Sai ka gyara, don ni ban iya fere kifi ba," ta ce, tana kallon ruwa don kada ya ga murmushinta.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Ustaz Fikri, shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tarihi kafin ya yi ritaya, kuma a wurinsa littafin zane, wanda ake rubuta maganar mutane cikin 'yan da'ira a saman kansu, ba littafi ba ne. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai zanen yara ba. Shi Dakta Hazim yake so, tsohon ɗalibinsa, wanda ya fitar da wani ƙaton littafi kan tarihin birnin. Daktan ya aiko wa Basant kwafi da furanni, da 'yar takarda mai cewa yana jiran taurarinta biyar.

Ranar ƙaddamar da littafin ta raka mahaifinta, aka zaunar da ita a layin gaba. Kafin magariba Hazim ya sa hotonsu shi da ita a shafinsa, ya rubuta a ƙasa cewa albishir na nan tafe.

Saƙon Mu'utaz gajere ne: "Na ga hoton. Allah ya sanya alheri. Mai zane ba ya ja da dakta."

Ranta ya yi mummunan ɓaci. Ta rubuta: "Shekara guda kana tare da ni, amma hoto ɗaya ya fi ni gaskiya a wurinka. Na gode." Kwana goma ba wanda ya nemi wani.

A cikin kwanakin ne ta zauna ta karanta littafin Hazim. Da ta kai babi na shida sai ta ji jimlolin kamar ta san su. Ta ɗauko tsohon littafin taragon nan da ta saya wurin Kawu Sabri, ta jera su. Shafi goma sha ɗaya, kalma da kalma, ba ko ambaton marubucin da ya daɗe da rasuwa.

Ba ta rubuta komai ba sai da ta kai wa mahaifinta, domin ta san sunansa ne a shafin godiya. Ustaz Fikri ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, fuskarsa na canzawa. Ta ce masa in ya ce ta yi shiru za ta yi, amma ba za ta iya yabo ba.

Ya cire tabaraun. Sannan ya ce, "Rubuta, 'yata. Ni na koya miki ba a yi wa littafi ƙarya. In ɗalibina bai ji ba, ke kin ji."

Ta rubuta, da lambar kowane shafi, ba zagi ba ƙari. Hazim bai sake taka gidan ba.

Washegari Mu'utaz ya turo: "Hasken idona, na yi wauta, ba ni da hujja. In kin yafe, ki faɗa wa Ustaz ina tafe." Ta bar shi ya jira har la'asar kafin ta amsa: "Na yafe, ɗan masuncina. Ka wanke hannu kafin ka zo."

Ya zo da sabon littafin tun ba a buga ba, ya ajiye gaban Ustaz, ya roƙe shi ya duba masa kamar yadda yake duba aikin ɗalibai. Tsohon ya karɓa da yatsu biyu. Kwana uku Basant na ganinsa a baranda da shi, shayinsa na hucewa. A rana ta huɗu ya sa ta buɗe masa shafin masu karatu, ya yi rubutu da sunansa:

"Na raina irin waɗannan littattafai ban karanta ko ɗaya ba, wannan kuwa aibi ne ga malami. A nan na ga kasuwar da uwata ke kai ni ina yaro, da matan da babu su a littattafan da na koyar. Akwai kuskuren shekara a shafi na arba'in. Marubucin ya zo da iyayensa ranar Alhamis in nuna masa."

Ranar Alhamis aka karanta Fatihar baiko. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a wani masallaci kusa da teku, matan kasuwar Anfushi sun cika harabar da guɗa, mahaifiyar ango na raba jan sharba, lemon biki mai zaƙi, da hannunta. Da Ustaz Fikri ya kama hannun Mu'utaz a ƙarƙashin farin hankici, kamar yadda ake ɗaurin aure a can, muryar da ta shekara talatin da biyar tana tsawata wa aji sai ta yi rawa.

"Ga ta nan, ɗana. Ba ta iya ƙarya ba, sai ka yi haƙuri da gaskiya."

Basant ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Surukarta ta rungume ta, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya cika gidansu kamar raga ranar sa'a. Masallaci gaba ɗaya ya amsa da amin.