Hannun Hagun Hafsah

"Kwance mata hannun nan, Badaruddeen."

Ban san muryata tana iya fita da sanyi haka ba. Daga cefane na dawo na tarar da Hafsah zaune a tabarma gaban tiren yashi, an ɗaure mata hannun hagu a ƙugu da hankici. Ba kuka take ba. Da kukan take yi da ya fi mini sauƙi.

Hafsah 'yar yayata ce, shekararta huɗu. Yaya ta rasu ta bar ta tana rarrafe, uban ya kama gabansa, na zama uwa tun ban yi aure ba. Samari da yawa sun gudu saboda ita. Badaruddeen ne bai gudu ba. Shagon waya gare shi a Jabi, layinmu ɗaya, kuma shi ya ce da bakinsa ni da ita kaya ɗaya ne, ba ya sayen rabi. Ranar na ba shi zuciyata gaba ɗaya, har aka sa mana rana bayan Sallah.

Da korona ta sa aka rufe makarantu, malamarsu Anti Felicity ta riƙa turo mana aiki ta waya. A zuba yashi a tire, yaro ya ja layi da yatsa, ya yi zagaye, kafin a kai ga fensir. Ta ja kunnena cewa yarinyar bahaguwa ce, a bar ta da hannunta.

Ni ba ni da haƙurin koyarwa, gaskiya ɗaya ce. Shi kuwa an kulle shago, zaman banza ya ishe shi, sai ya karɓi aikin. Da kansa yake tankaɗe yashin da rariya don kada tsakuwa ta soke ta, har nake tsokanarsa da Malam Na-Yashi. Ina kicin ina jin daɗina, wai Allah ya ba marainiya uba. Yarinya ta fara cusa hannu cikin riga, ta fara in'ina, ta koma fitsarin kwance, ni kuma da wautata na ɗora wa zaman gida.

Ranar da na tarar da su ɗin nan, ya kwance hankicin a hankali, kamar mai kwance bandeji. Ya ce in fahimce shi, a gidansu na Zariya ba a miƙa wa babba abu da hagu, ba ya son a yi mata dariya a ce rainon Abuja ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na duba wuyan hannunta, ga shatin ƙulli ya kwanta. Ashe duk ranar da aka buɗe kasuwa na fita, haka ake yi.

Sai ya miƙo mini hannunsa na hagu. Na san yatsan nan da ya karkace, na sha tambaya yana kawar da zancen.

"Ni ma bahago ne, Sumayya. Baba ya gyara ni da muciya... Ga ni nan, me ya same ni?"

"Ga shi kuwa ina gani."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa wanda zan fara rungumewa a raina, shi ko ita. Na roƙe shi. Na ce ta ci abinci da dama, ta gaisa da dama, wannan ni ma zan koya mata, amma rubutu ya bar mata. Alkawari kawai nake so.

Da ya yi mini ƙarya da yanzu ina gidansa. Amma ba ya ƙarya, abin da ya sa na so shi ke nan.

"Hasken raina, ba zan yaudare ki ba. In dai a gidana za ta tashi, da dama za ta tashi."

Na zare zoben da ya ba ni na ajiye a gefen tiren. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauka ya fita. A bakin ƙofa na ga ya share idonsa, da hagu ya share, bai ma sani ba. Washegari na kira Kawu na ce a mayar wa danginsa kayan sa ranarsu.

Na yi kuka har na gode Allah. Har yau ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba.

Tiren ya daɗe a bayan ƙofa kafin na sake fito da shi. Na zauna kusa da ita, na ce ta rubuta duk abin da take so, da duk hannun da take so, babu mai taɓa ta. Ta kalli yashin. Ta kalli ƙofa. Hannun hagun yana cikin riga bai fito ba.

Can ta ɗago na daman.

"Anti... in na yi da wa-wannan, Ankul zai dawo?"