Tofin Tsohuwa a Jirgin Ruwa

Magariba ta yi, jirgin ruwan ya bar tashar Baltimore ta Amurka, tafiyar mako biyu. Maitama ya shige ɗaki da manyan yaran, ya bar matarsa Kausar jikin ƙarfen gefen jirgi, rungume da jaririyarsu.

"Sannu 'yar nan. Kawo ta in yi mata tofin tafiya."

Hausa ce tsantsa, daga bakin wata tsohuwa mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi. Kausar ta kau da fuska, amma wa ke hana babba addu'a? Ta miƙa kan yarinyar.

Tsohuwar ta tofa. Yawun kore ne mai yauƙi, ga tsutsa tana mutsu-mutsu cikin gashin yarinyar. Kausar ta ja da baya, sai ta lura: tsohuwar a bayan ƙarfen take tsaye, ta waje, inda babu komai sai ruwa.