Mamacin da ke Ƙetare Iyaka

Da hantsi babbar kwamfutar ofishin 'yan dakon kaya da ke bakin iyakar Jibiya ta tsaya cak. Manyan motoci suka yi layi, albasa na ruɓewa a rana, direbobi suka yi wa Kalilu, mai kula da ita, ƙawanya. Wai shi ya kashe ta don ya ɓoye fasa-ƙwauri.

Sufeton 'yan sanda Salmatu ta same shi a gaban kwamfutar.

"Ranki shi daɗe, cikinta ya cika. Da, hoton kowane direba in an ɗora, tana share kwafin da ya rage. Tun da na sabunta ta, ta bar sharewa."

Ya buɗe tarkacen hotunan da suka taru. Fuskoki birjik, babu suna, duk sun zuba mata ido. Sai Kalilu ya janye hannu.

"Wanga Bawa ne. Da ni aka bizne shi bara."

Salmatu ta ci gaba da duba hotunan. Ga Bawa, hula a karkace, ga shi kuma, ga shi kuma. Kusan kullum an ba mamaci izinin ƙetarawa, an goge izinin, kwafin hoton ya tsaya. Ba ta yarda da fatalwa ba, amma sai da ta waiwaya.

Ta duba lokutan hotunan. Duk da azahar aka ɗora su, sa'ar da ofis ke watsewa zuwa masallaci. Kalilu shi ke limanci, jama'a shaida ne. Nan take bakuna suka koma kan Joel maigadi, tunda ba ya salla.

"Lahadi kana ina?" ta tambaye shi.

"Coci, a Gangara. Sai la'asar nake dawowa."

Bawa kuwa bai taɓa fashin Lahadi ba. Ta juya ga akawu Ummaru, dattijon da ke zaune da carbi, ƙafa ɗaure da tsumma.

"Baba, ina kake azahar?"

"Nan bisa kujera, ɗiyata. Gwiwa ta hana ni sahu."

"Kai kaɗai?"

Carbin ya tsaya.

"Ofis duka na masallaci, Joel na coci, saura kai," in ji ta. "Da sunan mamaci kake ƙetarar da kayan fasa-ƙwauri, don ba zai zo ya yi musu ba. Kana goge izinin, kwamfuta na share sauran sawunka. Ba ka san ta daina shara ba."

Ummaru ya ƙura wa allon ido. "Ƙanena ne. Kullum sai na ce mashi ya gafarta mani kafin in danna."

Aka fita da shi, yana takawa garau.

Kalilu ya kai hannu zai share tarkacen don motoci su wuce. Salmatu ta riƙe hannun.

"Kwafe mini su tukuna. Ba don wannan dattin ba, kai za ka kwana a caji ofis."