Ƙishirwar Amiru

Gab da magariba Kassimu ya dawo Gangara daga Sabon Birni, batirin da ya kai caji ɗaure a bayan babur. Dama da hagu gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Damina ta biyu ke nan.

Farin nan ne ya kori ƙanensa Amiru zuwa haƙar zinari can arewacin Nijar. Motarsu ta lalace a hamada. Wata huɗu da zuwan labarin, ba gawa, ba kabari. Abin da ya rage sai 'yan bidiyon da yakan ɗora a intanet. Idon mahaifiyarsu, Inna Kande, ba ya ganin hoton waya, shi ya sa Kassimu ya samo ƙaramar kwamfuta ya jona da talabijin a ɗakinta.

"Kunna mani shi," in ji ta.

Ya kunna. Ga Amiru da rawani, yana dariya, yana nuna ramin da suke haƙa. Minti biyu ne, Kassimu ya haddace shi.

Minti biyu suka cika. Bai ƙare ba.

Dariyar ta ɗauke. Amiru ya juyo ya dubi cikin ɗakin, leɓunansa a tsattsage. Awaki suka yi tsit a waje. Warin ƙonanniyar taya da zazzafan yashi ya cika hanci.

Kassimu ya duba kwamfutar. Babu sabis ko kaɗan.

"Ruwa," in ji muryar, can ƙasa.

Inna ta miƙe ta ɗebo a randa da kwano.

"Inna, tsaya," ya raɗa mata.

"Ƙishirwa shika ji. Za ni ba shi."

Ya fizge wayar batir. Kwamfutar ta mutu. Fuskar tana nan.

"Kande. Matso."

Ko da wasa Amiru bai taɓa kama sunan uwarsa ba.

"Inna, wanga ba ɗanki na ba!"

Ta miƙa kwanon. Ruwan ya fara raguwa. Ƙwat. Ƙwat. Yashi na zubowa daga ƙasan gilashin talabijin ɗin, ya rufe mata yatsun ƙafa.

Sai fatar wuyan hannunta ta lotsa, kamar an damƙe shi.

Kassimu ya rungumo ta ta baya, yana jan Ayatul Kursiyyu. Ya ja. Aka ja. Ya sake ja da iya ƙarfinsa, suka zube a tsakar gida. Ladan ya ɗaga murya. A ɗakin wani abu ya fashe.

Washegari ya binne kwamfutar da fasasshen talabijin a busasshen rafi. Shatin yatsu huɗu bai bar hannun Inna ba har ta koma ga Allah. Ba ta ƙara neman bidiyon ba, ba ta kuma ƙara haɗa ido da Kassimu ba. Sau ɗaya ta yi zancen, tana tsince tsakuwa a cikin dawa.

"Na san ba shi na ba," ta ce. "Amma da ka bari ya ƙare sha. Nawa bai samu mai ba shi ba."