Sunan da Babu a Kundin Makaranta

Safiya ta fito daga ɗakin marasa lafiya a gajiye. Gobe za a rufe rajistar jarrabawa, ga shafin makarantarsu ta jinya ya ƙi karɓar fasiwod ɗinta. Haka ta ja jiki zuwa ofishin kwamfuta, inda ta tarar da Faruk, mai kula da kundin sunayen ɗalibai da ma'aikata, shi ma idanunsa jajir don gajiya.

"Sau nawa kika gwada?"

"Takwas."

"Ai ko ni ne sai in yi fushi." Ya duba katinta, ya buɗe mata.

Daga ranar mantuwa ta kama Safiya, duk mako sai fasiwod ya ɓace. Sai ta koma wurin Faruk, har soyayya ta ƙullu.

Da zance ya yi nisa, mahaifinta Malam Inuwa ya sa a yi bincike. Wani ɗan'uwansu ma'aikacin makarantar, wanda dama yake yi wa ɗansa sha'awarta, ya nemi sunan Faruk a kundin. Babu. Malam ya ce ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba.

Safiya ta tura saƙo: "Ka saka sunanka mana, minti ɗaya ne a wurinka."

Ya amsa: "Sahibata, shekara uku takardar ɗaukata aiki na maƙale a ofishin rajistara. Doka ta hana in saka kaina. Wallahi na gaji, amma ba zan yi ba."

Ta yi kuka har ta gode Allah, ta yi mako biyu ba ta kula shi ba.

Ramar da ta yi ce ta sa Malam ya hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa makarantar a Tarauni. Ya iske Faruk da layin ɗalibai a gabansa.

"Buɗe min shafin Safiya in ga sakamakonta."

Faruk ya durƙusa. "Baba, ka gafarce ni, sai ta zo da kanta."

"Ni na haife ta!"

"Haka ne, Baba. Amma amana ce."

Malam ya dawo gida ya zauna, Safiya na laɓe. Can ya dubi mahaifiyarta.

"Kulu, yaron nan yana neman 'yata, amma ya dubi idona ya hana ni. A ce ya turo magabatansa."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura auren. Da Malam ya zo sa musu albarka, hannun Faruk ya kama.

"Ga wata amanar. Ka riƙe ta kamar yadda ka riƙe waccan."